An Ɗaure Akushi

Jabi, Abuja
9 ga Nuwamba

Zuwa ga bawana Ɗangoggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ummukulthum da yaran. Yaya gwiwar Goggo Zulai? Ka ce mata ’yar ƙanenta Zuhra tana gaishe ta. Man zafin da na haɗo da takardar nan nata ne, ba naka ba, don na san halinka, kana gani za ka ce kai ma bayanka na ciwo.

Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Gajiyar garin nan ba irin wadda ake kai wa likita ba ce, da ita kake kwanciya, da ita kake tashi. Rabin rayuwata a gosulon motoci take ƙarewa, ɗaya rabin a gaban kwamfuta ina jiran oga ya sa hannu a abin da ba zai karanta ba. Na kira wayarka har na haƙura. Na san sai ka hau dutse kake samun sabis, na kuma san ƙiwuya ba za ta bar ka ka hau don ni ba, shi ya sa na koma irin ta su Baba, biro da takarda. Hassan direba ya ce duk ran kasuwar Uke yana haɗuwa da mutanen Tungar Tukurwa, zai ba wani ya kawo maka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna da na zo sunan ’yarka da damina, muka hau har Akushi, kwarmin dutsen nan mai ruwa, na yi ta ɗaukar hotuna? Ɗaya daga ciki na sa a fuskar wayata, wanda ruwa ya cika yana zuba ta baki, yara suna tsalle a ciki. In ofis ya ishe ni sai in zuba masa ido. To akwai wata abokiyar aikina, Prudence, teburinmu na kallon juna. Suna da ƙungiyar masu hawan dutse, duk Asabar sai su ɗaura takalma su ɗauki sanduna su fita bayan gari, wai hutawa ke nan. Ku da kuke hawan dutse don dole na san za ku yi dariya. Ta ga hoton ta ce ƙarya ne, wannan ba a kusa da Abuja yake ba. Na ce mata garin ubana ne, bayan Uke, inda titi ya ƙare, gidajen da suka rage ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Tun ranar ta hana ni sakat. Suna so su zo su gani, yini ɗaya kawai, da abincinsu da komai nasu. Mutanen kirki ne wallahi, ba ruwansu. Na ce sai na tambayi mai gari, kai ke nan, tunda ba wanda ya rage da zai ja da kai a kan sarautar. Ka ba ni amsa ta hannun Hassan.

Uwargijiyarka,
Zuhra


Tungar Tukurwa
24 ga Nuwamba

Zuwa ga Zuhra, wadda har yanzu ba ta gane wane ne bawan wani ba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, man zafi ma ya iso. Inna, Goggon taki, ta cusa shi ƙarƙashin matashi, ko kallo ba ta bari a yi masa. Tana gaishe ki, ta ce Allah ya yi miki albarka. Gwiwar tana nan yadda kika bar ta. Jaririya ta fara dariya. Mun gama yankan dawa, ba yabo ba fallasa, an gode Allah.

Kin ce kina gajiya. Mu ma nan ita ce. Gidan Badaruddeen sun tashi bayan girbi, sun koma Orozo, ya ce zai gwada acaba. Yanzu in mutum ya tsaya a kan dutsen Mai Tozo da yamma ya duba ƙasa, hayaƙin girkin da zai gani bai taka kara ya karya ba. Namu, na gidan Christiana ta wajen fadama, na rugar Fulani can gindin Dutsen Jemage, sai ’yan tsiraru a tsakani. Sauran duk kufai ne da ciyawa. Kana iya tafiya daga nan har bakin titi ba ka haɗu da wanda za ka yi wa sannu ba.

Ke da damina kike zuwa, ba ki san garin nan da rani ba tun kina ’yar ƙarama. Rafin Tukurwa da kika tsallake kina tattare zani ya yanke tun makon jiya, sai ’yan kududdufai da shanu ke damawa. Nan gaba kaɗan yashi ne zalla. Rijiyar fadama ta rufta tun shekarar ambaliya, duk inda muka sake tonawa kuma dutse muke tararwa. Akushi ma ya daina zuba. Abin da ya tara shi ke nan, sai ɗan tsattsafin nan da ke fitowa daga tsagin dutse, wanda da ƙyar yake cika tulu a yini. Ran Juma’a Inna ta sa muka ɗauke ta muka kai ta har sama, ta ɗaure shi da hannunta yadda ta saba, igiyar kaba daga wannan dutse zuwa wancan. Daga nan har ruwan sama ya sauka, ƙoƙo mai dogon mariƙi kaɗai ke taɓa ruwan nan. Shi za mu sha, mu da kowa.

Sai maganar baƙinki. Hanya dai ba ta da kyau, daga mararrabar kuka zuwa nan ramuka ne da duwatsu, ƙaramar mota ba za ta ji daɗi ba. Kan dutse ba inuwa. Ganye ya bushe, abin da ƙawarki ta gani a hoto ba shi za ta tarar ba, da damina ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ba mu kuma da wurin saukar manyan mutane. Amma gidan nan na ubanki ne kafin ya zama nawa, kuma ba a taɓa cewa baƙon da ya zo da sunanki ya koma ba. Ke dai ki duba.

Naki,
Ɗangoggo


Jabi, Abuja
15 ga Disamba

Bawana,

Salam. Ina gaisuwa, ina gaida Goggo da Ummukulthum da mai dariya. Mura ta ɗan taɓa ni amma ta sake ni.

Na gode, na gode. Dama na san za ka yarda, duk dogon jawabin nan na hanya da rana na san jan aji ne. Da na karanta wa Prudence cewa ta yi ai irin hanyar da suke nema ke nan, in babu wahala ba sa jin sun fita. Ka yi haƙuri ban biyo su ba, oga ya sa mana taro ran Asabar ɗin, na zauna ina hamma ina tunanin kuna can.

Ran Litinin ba a yi aiki a ofis ba, labarin Tungar Tukurwa aka yini ana yi. Sun ce ka tarye su tun daga mararraba, Ummukulthum ta dafa musu doya da manja, Goggo ta sa musu albarka. Sun ce ba su taɓa shiga ruwa mai sanyi da haske irin na Akushi ba, har ƙasansa kana gani. Na kalli bidiyon da suka ɗauka, na gan ka can gefe tsaye da hannu a baya kamar hedimasta. Ka riƙa sakin fuska mana in ana ɗaukar hoto.

Wallahi ka fitar da ni kunya. Shekara da shekaru ina ofishin nan ba wanda ya taɓa tambayata daga ina nake, yau ga shi har daga hawa na sama ake saukowa a nemi kwatance a wurina.

Uwargijiyarka,
Zuhra


Tungar Tukurwa
6 ga Janairu

Zuhra,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai sanyi. Allah ya ƙara sauƙin mura. Inna na amsawa.

Baƙinki kam sun iya iyo, ba a magana. Mun hau tare, ina gaba ina nuna musu inda za su taka. Kafin in juyo in ce ga Akushi nan, ɗaya ya riga ya tuɓe riga ya faɗa, sauran suka bi shi. Igiyar Inna ma ta yi musu rana, a kanta suka shanya tawul. Wata har da sabulunta ta zo, ta wanke kai tas. Mun ɗan jima muna shan koko mai ƙamshin ɗakin amarya, mu da ba mu taɓa zaton za mu ga wannan gata ba. Kin ce na tsaya kamar hedimasta. To ya zan tsaya? Kowanne ya buɗe baki sai ya ce Zuhra na gaishe ku, Zuhra ta ce ku ne danginta. Mutum ya ci doyarka, ya kawo maka gaisuwar ’yar kawunka, ai sai kallo.

Ban gaya wa Inna ba. Da ta ji ƙamshi a ruwa na ce mata Ummukulthum ce ba ta ɗauraye kofi da kyau ba. Har yanzu Ummukulthum ba ta yafe mini wannan ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga wata mota, su kuma ba su san ki ba, ba su san Prudence ba. Waya ce ta kawo su har mararrabar kuka, daga nan suka tambaya, mutanenmu suka nuna musu, tunda haka muka saba yi wa matafiyi. Ta bayanta motoci biyu. Yanzu ran Asabar na sami aikin yi, ina kan dutse ina kallon mutanen birni suna wanka a randarmu.

Ki yi wa ƙawarki godiya. Ki ce mata ziyara ɗaya ma ta isa a daɗe ana tunawa da mutum.

Ɗangoggo


Jabi, Abuja
20 ga Janairu

Bawana mai ƙorafi,

Salam. Ina fatan kowa lafiya, a gaida Goggo da kyau. Ni ina nan, ni da gosulo da oga.

Na yi dariya har da hawaye a kan kokon amarya, sai da Prudence ta ce in fassara mata. Ga sukari nan da ganyen shayi na ba Hassan, ka haɗa da ƙamshin ka sha, kada ka ce uwargijiyarka ba ta kula da kai. Tun muna yara haka kake, in an ba ka nama sai ka ce ƙashi ya yi yawa.

Maganar gaskiya, Ɗangoggo, abin nan alheri ne. Bidiyon ya zagaya, daga wannan guruf zuwa wancan ake turawa, har sun raɗa wa wurin suna da Turanci, wai Ɓoyayyen Tafki. Ka san yadda ƙasar nan take, ba a yi wa wuri titi sai manya sun fara zuwa. Wa ya sani ko ta nan za a tuna da ku, a kawo burtsatse, su Badaruddeen su dawo gida. Ni dai abin da nake roƙo ke nan, don na gaji da jin wane ya tashi, wane ma ya tashi. In na sami sarari zan zo da kaina in ga sarautar taka da ta bunƙasa.

Uwargijiyarka,
Zuhra


Jabi, Abuja
18 ga Fabrairu

Ɗangoggo,

Salam. Shirun ya yi yawa. Hassan ya rantse ya ba da takardata da sukarin, ya ce kuma ya gan ka a Uke a kan babur kana sauri, ko tsayawa ba ka yi ba. Lafiya dai ko? Ko sukarin ne bai kai na sarki ba? Ka rubuto ko layi biyu ne, hankalina bai kwanta ba.

Zuhra


Tungar Tukurwa
4 ga Maris

Zuhra,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu suna hannuna. Ba fushi ba ne. Sau da yawa nakan ɗauki biro in ajiye, don duk abin da na rubuta sai in ga karantawa za ki yi ki yi dariya. Tsakanina da ke wasa ne tun muna yara, ban san yadda ake yi miki magana ba da wasa ba. Yau zan gwada. Babu wasa ko ɗaya a takardar nan.

Ba mu da lafiya. Gudawa ta kama yaran gidan Christiana, ta kama nawa. Ranar da Hassan ya gan ni, jaririya muka kai asibiti aka ƙara mata ruwa. Ta dawo, alhamdu lillahi. Inna ma ta kwanta, ta rame ƙwarai, yanzu sai an riƙe ta take zama. Kuma ta san komai. Christiana ce ta zo ta faɗa a gabanta, da ɗanta a goye yana numfashi sama-sama, ban ga laifinta ba.

Akushi ba rafi ba ne, Zuhra. Da damina yana zuba, abin da ya shiga ya fita, shi ya sa kika ga yara na tsalle a ciki ba wanda ya hana su. Da rani ba ya zuwa ko’ina. Abin da aka wanke a ciki yana ciki, sabulu da man shafawa da gumi da abin da ba zan rubuta ba. Mun tsinci kwalabe da ledoji, har da famfas ɗin jariri a cikin tsagin da ruwan ke fitowa. Ruwan da suka ce suna ganin ƙasansa yanzu kore ne. Mun taru mun kwashe na sama mun zubar, mun share tsagin. Ni da hannuna na zubar da ruwa a tsakiyar rani, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Akwai wani farin zane a jikin dutsen da ruwa ba ya sauka ya kai shi sai gab da faɗuwar damina. Bana ya wuce shi tun makon jiya, ga sama fes, ko alamar hadari babu.

In ya ƙare babu wani. Ruwa mafi kusa yana Uke, ba kuma a ɗauko shi a ka a hau da shi nan kullum. Tashi za mu yi gaba ɗaya. Na kuwa ga waɗanda suka tashi, ba wanda ya dawo ko da ruwa ya sauka. Inna ta ce ita ba inda za ta, a bar mata tulu ɗaya a tafi. Kin san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Na cije na fara yi wa masu zuwa magana. Wasu sun ji, sun ba da haƙuri sun fito. Wasu sun ce ai dutse na Allah ne. Wani ya ce in nuna masa shaidar cewa nawa ne. Ko waɗannan sun ji ma, Asabar mai zuwa wasu ne daban, sai in sake daga farko. Na gaji, wallahi na gaji.

Titi da burtsatsen da kike fata, Allah ya kawo su. Amma mu ruwan wata mai zuwa muke nema. Ki cire abin nan daga waya, ki ce su daina zuwa. Ke kika san yadda ake yi.

Ɗangoggo


Jabi, Abuja
26 ga Maris

Yaya Ɗangoggo,

Assalamu alaikum. Yaya ibada, yaya masu jiki? Allah ya ba yaran lafiya, ya tashi kafaɗun Goggo.

A tashar Jabi na karanta takardarka, a tsaye, na kasa jira in kai gida. Da na koma na ɗauko na baya na sake karantawa, sai na ga ashe duk ka faɗa, ni ce ban ji ba.

Na yi iya yina. Prudence har kuka ta yi, ta goge bidiyon a gabana, ta rubuta a guruf ɗinsu cewa ruwan sha ne, a daina zuwa. Amma abin ya riga ya fita daga hannunta. Wasu sun kwafa sun sa a nasu shafukan, wani ma tara mutane yake yi yana turo su. Na rubuta masa, ya ce ni wace ce. Abin haushin, da aka ce kada a je, sai wasu suka ce bari su yi sauri su gani kafin a rufe. Na je inda aka ce su ke kula da ruwan ƙauyuka, aka ce in rubuto, na rubuta, aka ce oga ya yi tafiya.

Jiya Asabar na ce ba zan zauna ba. Na ari motar maƙwabcinmu mai tsayi, na cika ta da jarkoki da ledojin fiya wata, na kamo hanya da azumi a bakina. Na wuce Uke lafiya. Da na iso mararrabar kuka sai na rikice, don kullum kai ke ɗauko ni a babur, kuma da damina, yanzu ko’ina ya bushe ya zama iri ɗaya. Ga mace zaune a gindin kukar da ɗaurin itace a gabanta, ta ja mayafi saboda rana. Na sauke gilashi na yi sallama, na ce don Allah ina hanyar Tungar Tukurwa. Yaya, Ummukulthum ce. Matarka, wadda na kwana a ɗakinta, na riƙe ’yarta ranar suna. Ta dube ni, ta ɗaga hannu ta nuna hagu, ta ce, “Ku bi nan, ku miƙe.” Na ce, “Ummukulthum, ni ce fa.” Ta ce, “Ku miƙe, Hajiya,” ta sunkuyar da kai.

Na bi hagu, don ban taɓa zaton za ta yi mini ƙarya ba. Hanyar ta kai ni wani tsohon wurin fasa dutse ta mutu a can. Wata farar mota da ke bayana tun daga Uke, cike da matasa da kiɗa, ita ma ta biyo ni, muka sha wahalar tare, suka gaggaya mini magana suka juya. Kafin in fitar da motata da ta kafe a yashi la’asar ta yi sanyi. Na dawo mararraba ba kowa, ban kuma ga wata hanya ba sai shingen ƙaya. Ruwan na sauke shi a Uke wurin Hassan, in kuna so ku ɗauka. A gosulon Nyanya na sha ruwa, ni kaɗai, ina kuka.

Na san na yi laifi. Amma ban zaci ya kai a nuna mini hanyar daji a garin ubana ba. In kun cire ni daga cikinku ne, ka faɗa mini kai tsaye, kada ka zagaya, don ka ga ni ba na gane zagaye.

Zuhra


Tungar Tukurwa
8 ga Afrilu

Zuhra,

Wa alaikumus salam. Ibada alhamdu lillahi. Yara sun warware. Inna tana shan kunu, tana zama in an jingina ta da bango. Ruwanki mun ɗauko shi a babur kaɗan-kaɗan, mun raba har gidan Christiana da ruga. An gode, Allah ya saka.

Kin ce kada in zagaya, to ba zan zagaya ba.

Bayan na aiko miki da waccan takarda muka zauna, mu da gidan Christiana da Fulani da sauran. Mun lura waya mararraba kawai take kawo su, daga nan sai sun tambaya. Muka share sawun taya a hanyar dama, muka ja ƙaya muka rufe bakinta, muka ce duk Asabar da Lahadi mutum ɗaya zai zauna a gindin kuka, duk motar da ta tambaya a nuna mata hagu. Sai da muka nemi izinin Inna. Ta ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa ɓatar da matafiyi ba, amma mu yi. Ni na fara zama. Mutum ya yi mini sallama, na amsa, na dubi idonsa na yi masa ƙarya. Yanzu kuma ga azumi. Ban san yadda za mu yi da wannan a gaban Allah ba, kuma duk ranar da na zauna a can abincin buɗa baki ba ya shiga.

Ummukulthum ta gane ki tun kafin ki sauke gilashi. Ta ce har ta yunƙura za ta taso, sai ta ga farar motar ta tsaya a bayanki, suna leƙowa suna jiran su ga inda za ki bi. In ta janye miki ƙaya, ta janye musu. In ta kira sunanki, sun gane ’yar gari ce ke, ba za su rabu da ke ba. Ta zauna tana jiran ki dawo har rana ta yi ƙasa, ga jaririya a gida wurin Inna ba ta sha nono ba, dole ta taho. Ta shigo gida, ko ruwa ba ta sha ba da aka kira salla sai da na matsa mata. Har yau in an ambaci sunanki sai ta tashi ta fita. Ba wanda ya cire ki, Zuhra. Inna kullum sai ta tambaya ko kin isa gida lafiya ranar.

Tun da muka fara, ƙafa ba ta sake shiga Akushi ba. Ruwan ya kwanta, ya fara haske. Kaɗan ne ƙwarai, sai mutum ya yi rub da ciki ƙoƙo ke kai wa gare shi, amma in ba a taɓa shi ba ina jin zai kai mu. Shekaranjiya an yi walƙiya ta gabas, ba a yi ruwa ba.

Saboda haka kada ki zo. Kada ki zo kawo ruwa, kada ki zo duba Inna, kada ki zo Sallah. Motar Abuja ba ta shigowa ita kaɗai, kullum da wata a bayanta. In ruwa ya sauka, Inna ta kwance igiyarta, ni da kaina zan zo Uke in ɗauko ki. Kafin nan, in kika zo mararraba kika tambaya, duk wanda kika tarar a gindin kuka hagu zai nuna miki, ko da ni ne.

Ɗan’uwanki,
Ɗangoggo